Idan An Sayar Da Kamfani, Aƙidarsa Na Bin Kaya? Darasi Daga The Body Shop Da Matan Man Kaɗe

Ranar 13 ga Fabrairun 2024 aka wayi gari a Birtaniya da labarin cewa kamfanin kayan kwalliya na The Body Shop ya durƙushe, an damƙa reshensa na ƙasar a hannun masu sasanta bashi. Jaridun Landan sun fi mayar da hankali kan shaguna kusan 200 da ma'aikata sama da 2,000 da abincinsu ya shiga garari. To amma labarin ya shafi wasu mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Ingila ba. Daga cikinsu akwai ɗaruruwan mata a ƙauyukan da ke kewaye da Tamale a arewacin Ghana, waɗanda tun shekarar 1994 suke tsintar ƙwarar kaɗanya, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, su fitar da man kaɗe suna sayar wa wannan kamfani a kan farashin da ya ɗara na kasuwa.

Tsakanin 2006 da 2024, The Body Shop ya sauya iyayengiji har sau huɗu, kuma kowane sabon mai shi ya shigo ne da alƙawarin cewa ba zai taɓa aƙidar da aka san kamfanin da ita ba. Wannan ya sake tayar da wata tsohuwar muhawara a duniyar kasuwanci: idan ƙaramin kamfani ya yi suna da gaskiya da tausayi da adalci ga talakan da ke kawo masa kaya, sannan wani babban kamfani na ƙasa da ƙasa ya saye shi, shin waɗannan halaye suna shiga cikin cinikin, ko kuwa suna da tambari kaɗai ake miƙawa?

Tambayar ta shafe mu kai tsaye, domin man kaɗen da waɗannan kamfanoni ke tallata kansu da shi daga dazukanmu yake fitowa. Tarihin The Body Shop ya nuna cewa aƙidar kamfani ba dunƙule guda ba ce. Akwai ɓangarenta da ke tsallake ciniki lafiya, akwai wanda ke mutuwa tun kafin tawadar yarjejeniya ta bushe, kuma wanda ya fi rauni a cikin harkar shi ne yake ɗaukar asarar ƙarshe.

Shagon da aka fara da rancen fam 4,000

Anita Roddick ta buɗe shagonta na farko a garin Brighton da ke kudancin Ingila a watan Maris na 1976, da rancen fam 4,000 da kayayyaki kusan 25. Koren fentin da ya zama alamar kamfanin an shafa shi ne don ɓoye danshin bango, kuma rashin isassun kwalabe ne ya sa ta riƙa roƙon masu saye su dawo da tsofaffin a sake cika musu. Abin da talauci ya tilasta, daga baya ya zama manufa.

Sannu a hankali ta gina kamfanin a kan wasu ginshiƙai da ba a saba gani ba a wancan zamani. Na farko shi ne ƙin gwada kayan shafawa a jikin dabbobi, kamar yadda ake ɗiga sinadarai a idon zomaye don a ga ko za su yi lahani. A 1996 kamfanin ya kai wa hukumar Tarayyar Turai takardar koke mai ɗauke da sa hannun mutum miliyan 4, kuma a 1998 Birtaniya ta hana irin wannan gwaji. Na biyu shi ne sayen kaya kai tsaye daga ƙananan manoma da masu sana'ar hannu a kan farashi mai daraja, tsarin da ta fara a Indiya a 1987. Ta wannan ƙofa ce ƙungiyar mata ta Tungteiya ta Ghana ta shigo, wadda kamfanin ya ce tana da mata sama da 600 daga ƙauyuka 11, kuma ana zuba wani ƙarin kuɗi a asusun gina rijiyoyi da makarantu da ɗakunan shan magani.

Ginshiƙi na uku, wanda ya fi kowanne bambanta ta da saura, shi ne bakinta. Anita ba ta jin nauyin kiran sunan mai ƙarfi. A shekarun 1990 kamfaninta ya tsaya wa al'ummar Ogoni a rikicinsu da kamfanin mai na Shell, ya mayar da tagogin shagunansa allon fafutuka, ya kuma nemi a saki Ken Saro-Wiwa kafin a rataye shi tare da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995. Ta kuma sha caccakar manyan kamfanonin kwalliya, tana zarginsu da sa mata su raina halittarsu don su sayar musu da mafarkin da ba zai tabbata ba. A 1997 har wata 'yar tsana mai jiki, mai suna Ruby, kamfanin ya yi talla da ita don ƙalubalantar siffar da ake tilasta wa mata a matsayin kyau.

Cinikin da ya girgiza masoya

Shi ya sa a watan Maris na 2006, da aka sanar cewa L'Oréal na Faransa ya sayi The Body Shop a kan fam miliyan 652, masoyan kamfanin da dama suka ɗauki abin a matsayin cin amana. L'Oréal shi ne kamfanin kayan kwalliya mafi girma a duniya, shi ke da Garnier da Maybelline da man gashin Dark and Lovely da matanmu suka sani. A lokacin masu kare dabbobi na zarginsa da ci gaba da gwada sinadarai a kansu, duk da cewa ya ce tun 1989 ya daina gwada kayan da ya gama haɗawa. Ƙari a kan haka, a wancan lokacin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jarinsa na kamfanin Nestlé ne, wanda tun 1977 wasu ƙungiyoyi ke ƙaurace wa kayansa saboda yadda yake tallata madarar jarirai a ƙasashe matalauta.

Mujallar Ethical Consumer, wadda ke auna kamfanoni a ma'aunin ɗa'a, ta rage makin The Body Shop daga 11 cikin 20 zuwa 2.5. Ba wai an canza abin da ke cikin kwalba ba ne a wannan rana. Hujjarsu ita ce duk fam ɗin da mai saye ya biya yanzu yana ƙarewa ne a aljihun wanda ake adawa da shi.

Anita ta kare kanta. Ta ce za ta zama kamar dokin katakon nan na tatsuniyar Girkawa, wanda mayaƙa suka ɓuya a cikinsa aka ja su har tsakiyar birnin abokan gaba. Wato daga ciki za ta gyara L'Oréal, ta koya masa sayen kaya daga talakawa da adalci. Ba ta samu zarafin gwada wannan dabara ba, domin ta rasu a watan Satumban 2007 tana da shekara 64, wata 18 kacal bayan cinikin. Aka bar kamfanin da sabon ubangida, babu mai shi na asali da zai ɗaga murya.

Abin da ya tsira da abin da ya salwanta

Adalci ya wajabta a faɗi cewa L'Oréal bai rushe gidan ba. A cikin shekara 11 da ya riƙe The Body Shop, kamfanin bai koma gwaji a kan dabbobi ba, kuma ya ci gaba da riƙe tambarin zomo mai tsalle, wato shaidar da wata ƙungiya mai zaman kanta ke bayarwa bayan ta binciki kamfani da masu kawo masa sinadarai. Bai buɗe shaguna a babban yankin ƙasar Sin ba, inda doka a lokacin ta wajabta gwada kayan kwalliyar da aka shigo da su a jikin dabbobi, duk da cewa kasuwa ce da kowane kamfani ke kwaɗayi. A 2014, da ƙungiyar kare masu saye ta Choice da ke Ostireliya ta gano ana sayar da kayansa a filayen jiragen saman Beijing da Shanghai, nan da nan ya janye su. Matan Tungteiya ma sun ci gaba da samun ciniki. Har ila yau, a 2010 L'Oréal ya ƙaddamar da nasa tsarin sayen kaya daga al'ummomi marasa ƙarfi, ciki har da man kaɗe daga matan Burkina Faso. Ana iya cewa dokin katakon Anita ya ɗan yi aiki ko bayan ranta.

Abin da ya salwanta shi ne wanda ba a iya rubutawa a jikin kwalba. Kamfanin ya ci gaba da yin kamfe, misali wanda ya yi kan safarar yara don lalata daga 2009 zuwa 2012, kuma aiki ne mai kyau. Sai dai irin wannan kamfe ba shi da abokin gaba a cikin majalisar daraktoci ko a fadar wata gwamnati. Babu wanda zai fito ya ce yana goyon bayan safarar yara. Tsayawa a gaban kamfanin mai ko sukar masana'antar kwalliya kanta wani abu ne dabam, domin yana iya jawo asara da ƙara a kotu da fushin abokan hulɗa. Wannan nau'in jarumta ba a sake ganinsa ba. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Da bakin ya mutu, bambancin ma ya dusashe. Shagunan suka cika da rangwame da tallan ragin farashi kamar kowane shago. A gefe guda, kamfanoni irin su Lush, wanda Mark Constantine, tsohon mai haɗa wa Anita kaya, ya kafa a 1995, suka ɗauke matasan da ke neman kamfani mai zafin aƙida. Bayan da Tarayyar Turai ta kammala haramta sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi a watan Maris na 2013, abin da The Body Shop ke tinƙaho da shi ya zama wajibi a kan kowa. A 2016 cinikinsa ya kai kimanin Yuro miliyan 920, amma ribar aikinsa ba ta kai Yuro miliyan 35 ba, abin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da L'Oréal ya saba samu a sauran kayansa.

Me ya sa haka ke faruwa?

Babban kamfani ba ya sayen ƙarami don injinansa ko don sirrin haɗin mansa, domin yana da ɗakunan binciken da suka fi nasa. Abin da yake saye shi ne yardar da jama'a suka yi wa sunan, wadda ba a ƙera ta a masana'anta. Saboda haka yana da dalilin kasuwanci na kare duk alƙawarin da mai saye zai iya gani ya kuma tabbatar. Idan ya karya shi a fili, ya ƙona abin da ya biya kuɗi a kansa. Amma shi ma yana da iyayengiji, wato masu hannun jari da ke duba alƙaluma duk bayan wata uku. Duk ranar da alƙawari ya yi karo da riba mai yawa, to ranar ce ake sanin nauyinsa.

Misalin kamfanin NARS ya nuna haka. Shiseido na Japan ya saye shi a 2000, kuma ya shafe shekaru ana lissafa shi cikin waɗanda ba sa gwaji a kan dabbobi. A 2017 ya sanar cewa zai shiga kasuwar Sin, ya kuma amince da bin dokar gwajin ƙasar. Masu saye sun yi ta ƙorafi, amma girman kasuwar ya rinjayi ƙorafin. Sai a watan Mayun 2021 Sin ta sassauta wannan doka ga kayan kwalliya na yau da kullum.

Wani zai ce to a rubuta aƙidar a cikin yarjejeniyar sayarwa mana. An taɓa gwada hakan, kuma misalin da ya fi fice ba daga kayan kwalliya ya fito ba, daga askirim ne. Lokacin da Unilever, mai Vaseline da Closeup, ya sayi kamfanin Ben & Jerry's na Amurka a 2000 a kan dala miliyan 326, an sanya sharaɗin cewa wata majalisa mai cin gashin kanta ce za ta riƙa kula da manufofin kamfanin na kyautata wa al'umma. Tsarin ya yi aiki kusan shekara 20. A watan Yulin 2021 majalisar ta yanke shawarar daina sayar da askirim a yankunan Falasɗinawa da Isra'ila ta mamaye. Bayan matsin lamba daga 'yan siyasa da masu zuba jari, a watan Yunin 2022 Unilever ya sayar da harkarsa ta Isra'ila ga wakilinsa na can, aka ci gaba da ciniki, majalisar kuma ta garzaya kotu. A watan Satumban 2025, Jerry Greenfield, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin, ya ajiye aiki yana mai cewa 'yancin da aka yi musu alƙawari ya ƙare.

Duk da haka, a lura da abu guda: saboda akwai rubutu ne ma aka samu abin kai wa kotu, aka kuma kwashe shekaru ana jan igiya. The Body Shop ba shi da irin wannan majalisa. Alƙawarin da aka yi masa ya dogara ne a kan kalmar mutane, mutane kuwa suna ritaya, suna mutuwa, ana sauya su.

Hujjar waɗanda suka sayar

Bai kamata a ɗauki duk wanda ya sayar da kamfaninsa a matsayin maci amana ba. Ƙaramin kamfani yana kaiwa wani matsayi da ba zai iya wucewa ba sai da jari mai yawa da hanyoyin rarraba kaya. Richelieu Dennis, ɗan asalin Laberiya da ya kafa kamfanin da ke yin SheaMoisture a Amurka, wanda ke danganta sana'arsa da kakarsa mai sayar da man kaɗe a Saliyo, ya sayar wa Unilever a 2017. Cikin cinikin an ware dala miliyan 50 a matsayin somin-taɓi na asusun tallafa wa mata baƙaƙen fata masu sana'a, kuma a farkon 2018 ya sayi mujallar Essence ya mayar da ita hannun baƙar fata. Masu irin wannan ra'ayi na cewa gara a sayi tan dubu na man kaɗe da adalci a ƙarƙashin babban kamfani, da a sayi tan goma ana alfahari da 'yanci.

Haka kuma, zaman kai ba shi ne tabbacin tsarki ba. Tun 1984 The Body Shop ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan, wato shekara 22 kafin zuwan L'Oréal ya riga ya fara amsa tambayoyin masu neman riba, kuma Anita da kanta ta nuna nadamar wannan mataki. A 1994 wani ɗan jaridar Amurka, Jon Entine, ya wallafa bincike yana zargin cewa abin da kamfanin ke faɗa game da kansa ya zarce abin da yake aikatawa, kamfanin kuma ya musanta. Ke nan ba ranar ciniki ce farkon jarrabawa ba.

Daga hannu zuwa hannu

Abin mamaki a labarin shi ne ba a hannun wanda aka fi tsoro kamfanin ya faɗi ba. A 2017 L'Oréal ya sayar da shi ga Natura na ƙasar Birazil a kan Yuro biliyan 1. Natura kamfani ne da shi ma ya yi suna wajen kare muhalli da hulɗa da al'ummomin dajin Amazon, don haka masoya suka ce ɗa ya koma gida. A ƙarƙashinsa The Body Shop ya kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya koke mai sa hannun mutum sama da miliyan 8 a 2018, ya samu shaidar B Corp ta kamfanoni masu kula da al'umma a 2019, ya kuma dawo da tsarin sake cika kwalba.

Sai dai Natura ya haɗiyi abin da ya fi ƙarfin maƙogwaronsa. A farkon 2020 ya sayi Avon, bashi ya yi masa katutu, annobar korona ta rufe shaguna, tsadar rayuwa ta biyo baya. A 2023 ya sayar da Aesop ga L'Oréal a kan kimanin dala biliyan 2.5, sannan a watan Nuwamba ya sayar da The Body Shop ga Aurelius, wani kamfanin Jamus da sana'arsa ita ce sayen kamfanoni masu rauni ya gyara ya sayar, a kan fam miliyan 207. Ba a cika wata uku da sanar da cinikin ba aka miƙa reshen Birtaniya ga masu sasanta bashi. An rufe shaguna sama da 80 a ƙasar, reshen Amurka ya rufe baki ɗaya, na Kanada ya rufe 33. Jaridar Guardian ta Landan ta ruwaito a lokacin cewa wasu daga cikin ƙananan masu kawo wa kamfanin kaya a ƙasashe masu tasowa sun rage da hajar da ta haura dala miliyan 1 a hannunsu, ba su san makomarta ba. A watan Satumban 2024 wasu masu jari ƙarƙashin Aurea, bisa jagorancin Mike Jatania, suka sayi abin da ya rage, suka ceto shaguna 113 a Birtaniya.

A nan ne babban darasin yake. Tambarin zomo yana nan, rubutun jikin kwalba yana nan. Amma a gaban mai sasanta bashi, dokar da ke aiki ita ce ta jerin masu bin bashi, inda masu jingina ke kan gaba, ƙaramin mai kawo kaya kuma yana can baya. Shekara 30 na hulɗar mutunci ba ta da gurbi a wannan jeri. Haɗarin da ya fi girma ga aƙida bai zo daga mugun nufin wani babban kamfani ba. Ya zo ne daga lokacin da sunan ya zama haja da ake miƙawa daga wannan hannu zuwa wancan, kowa yana lissafin abin da zai fitar kafin ya miƙa gaba.

Ina ruwanmu?

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Ƙungiyar masu harkar kaɗanya ta duniya da ke da mazauni a Accra ta ƙiyasta cewa mata kusan miliyan 16 ne ke cin abinci daga wannan itaciya a ƙasashen Afirka 21. Najeriya ce ke kan gaba wajen yawan ƙwarar, musamman daga jihohin Neja da Kwara da Kebbi. Mafi yawan abin da ake fitarwa waje masana'antun cakulan da abinci ne ke saye a matsayin madadin man koko. Kason kayan kwalliya ƙarami ne, amma shi ne ke zuwa da farashi mai kyau da labarin adalci, don haka shi ne kowace ƙungiyar mata ke fata.

A ƙarshen watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya, ta bakin Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima, ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya na tsawon wata shida, bayan Burkina Faso da Mali sun ɗauki irin wannan mataki. Gwamnati ta ce ƙasar na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwarar duniya, amma rabonta a kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5 bai wuce kashi 1 ba. Manufar tana da ma'ana, sai dai rahotanni sun nuna farashin ƙwarar ya faɗi a kasuwannin cikin gida jim kaɗan bayan sanarwar, wanda hakan ke nufin mai tsinta a daji ita ce ta fara ɗanɗana zafin. Ko shawarar ta fito daga ofishi a Landan ko daga Abuja, a kanta take sauka.

Ga jami'an gwamnati da ke tsara manufofin wannan harka, labarin The Body Shop na nuna cewa ba a gina tattalin arzikin ƙauye a kan tausayin mai saye guda ɗaya, komai kyawun halinsa. Abin da ke kare mai tsinta shi ne yawan masu saye, da wuraren sarrafawa kusa da ita, da rumbunan ajiya da za su ba ta damar jiran farashi, da ƙungiya mai rajista da za ta iya kai ƙara idan an saɓa mata.

Ga 'yan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin mata da ke hulɗa da kamfanonin waje, ya kamata a riƙa tambayar wane ne ainihin mai kamfanin a yau, ba wanda hotonsa ke jikin takardar talla ba. A nemi yarjejeniya a rubuce mai bayyana yawan kaya da farashi da wa'adi, da wani kaso na kuɗi kafin a fara aiki, da abin da zai faru idan an sayar da kamfanin. Takardar shaidar inganci ko ta cinikin adalci ta kasance da sunan ƙungiyar, ba da sunan mai saye ba, ta yadda idan ya tafi za a iya nuna ta ga wani.

Ga matasan da ke haɗa sabulu da man shafawa a Kano da Kaduna da Abuja suna tallata su a Instagram da sunan kayan gargajiya marasa sinadarin bilicin, wata rana mai nasara a cikinsu zai samu tayin saye. Babu laifi a sayar. Amma duk abin da mutum yake so ya ɗore bayan ya bar kujerar, to ya fitar da shi daga zuciyarsa ya mayar da shi sharaɗi a takarda, ya kuma ɗora wani na waje ya riƙa bincikawa. Mun san wannan a harkar tambarin halal da lambar hukumar NAFDAC: darajarsu ta samu ne saboda ba mai kaya ne ke ba kansa ba.

Mai saye kuma yana da nasa rabon. The Body Shop ya janye kayansa daga filayen jiragen saman Sin ne saboda wasu sun duba sun yi magana. Kamfanoni suna riƙe alƙawarin da suka san ana sa musu ido a kansa, suna sakin wanda suka ga an manta da shi.

Shin aƙida na bin kaya? Wadda aka rubuta, aka kuma sa mata mai gadi daga waje, tana iya bi har hannu na uku da na huɗu. Wadda ke zaune a ƙirjin mutum ɗaya kuwa, tare da shi take tafiya. Matan Tamale da takwarorinsu na Bida da Kontagora ba su da kujera a teburin da ake ƙulla irin waɗannan cinikayya, kuma har sai an samar musu da kariyar da ba ta dogara da halin kowane attajiri ba, duk lokacin da aka sauya mai kamfani a Turai za su ci gaba da kwana da ido ɗaya a buɗe.